Tausa

A jikin mutum akwai tsoka fiye da 600. Su ne ke motsa ƙasusuwa. In mutum ya daɗe yana noma a duƙe, ko daka, ko jan guga a rijiya, tsokar baya da ta kafaɗa sukan ɗaure, su yi ta ciwo.

Tausa tana sassauta tsokar da ta ɗaure. Mai tausa yakan wanke hannu, ya shafa man kaɗe. Sai ya murza a hankali har wurin ya yi ɗumi. Sa'an nan ya danna da babban yatsa, yana bin tsawon tsokar. Jini ya ƙara gudana a wurin, ciwo ya lafa. Tsoka ake dannawa, ban da ƙashin baya.

Hattara, ƴan makaranta! Ba a yin tausa a kan karaya, ko gyambo, ko ƙafa mai kumburi da zafi. Wani lokaci gudan jini ne ya toshe jijiyar ƙafar. In an matsa, yana iya wucewa zuwa huhu, ya yi kisa. In ciwo ya ƙi lafawa, a tafi gidan likita.

Tambayoyi
1. Me ke sa tsoka ta ɗaure?
2. A ina ne ba a yin tausa? Don me?