Da Wane Mudu Ake Auna Namiji?

Ya mai karatu, ka taɓa tambayar kanka da wane mudu ake auna namiji? Gama kowane zamani da mudunsa.

A zamanin kakanninmu da ƙarfi ake awo. Namiji shi ne wanda ya tsaya a fagen fama, ko ya kā da abokin kokawarsa, ko ya noma dami dubu har aka ce da shi sarkin noma. Saurayin Fulani kuwa sai ya sha bulala a sharo bai ko motsa ba. Sa'an nan Turawa suka ci Kano a 1903, hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi. Mudu ya sāke. Aka koma duban albashi da rufin kwano, yau kuma mota da waya.

Wannan mudu na kuɗi ya fi na dā tsanani. Ƙarfi, kowane mai lafiya yana da rabonsa. Dukiya kuwa ba kowa ke samu ba. Saurayi ya gama makaranta, ya rasa aiki, ya kāsa haɗa lefe, sai ya ɗauka shi ba namiji ba ne. Tun yana yaro an koya masa namiji ba ya kuka, saboda haka ba ya gaya wa kowa. Wani ya ci bashi domin a gan shi. Wani ya sauke fushinsa a kan matarsa, ita da ba ta yi masa laifin kome ba. In kai ne ke cikin wannan hali, nemi dattijo amintacce ka buɗe masa cikinka. Faɗin damuwa ba ragwanci ba ne.

Amma ga wani abu mai kyau da ya zo da zamani. Maza da yawa sun fara ganin darajar zama da 'ya'yansu. Ƙasar Suwidin ta ba uba hutun renon jariri tun 1974, a 2021 kuma gwamnatin tarayyar Nijeriya ta yarda a ba ma'aikatanta maza kwana 14 in matansu sun haihu. Waɗansu sun yi dariya, suna cewa, namiji da jego?

Kada ka bi masu dariya. Mun san kunyar ɗan fari, yadda uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane. Ba mu raina ta, gama ladabi ce. Amma tsakar dare, sa'ad da zazzaɓi ya kama yaro, uwarsa kuwa ta gaji, babu baƙon da za ka ji wa kunya. Tashi ka karɓe shi, ka jiƙa tsumma ka shafa masa jiki. In jiki ya tsananta, kada ka jira gari ya waye. Kai da kanka ka kai shi asibiti.