In Wuta Ta Ci Kayan Ajiya, Wa Zai Biya?

Ga tambayar da ya kamata kowane mai ciniki ya san amsarta. A gobarar Kasuwar Litinin ta Maiduguri ranar 26 ga Fabrairu, 2023, da kuma ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024, ba duk abin da ya salwanta ne yake hannun mai shi ba. Akwai shaddar wani a wurin tela, akwai buhunan wani a shagon maƙwabci. To, asarar wa ke nan?

Ku sani riƙo daban, mallaka daban. Mai kaya shi ne mai ikon sayarwa ko kyautarwa, shi ake gada. Wanda aka ba ajiya ko aro ko jingina riƙo kawai yake yi, ko da ya shekara goma da abin.

A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan kotunan shari'a ke bi, mai karɓar ajiya amintacce ne. In wuta ta ci ko ruwa ya tafi da kayan ba da sakacinsa ba, ba zai biya ba; in an tuhume shi, sai ya rantse. Amma in ya bar shago a buɗe, ko ya taɓa kayan don amfanin kansa, biya ya hau kansa. Bashi kuwa ba ruwansa da gobara. Kuɗin rance sun zama na wanda ya karɓa, dole ya mayar ko da bai tsira da allura ba. Nan ne 'yan'uwa ke ɓatawa, don wani zai miƙa kuɗi ya ce "riƙe mini", can kuma ya ce "ka iya juyawa", ba wanda ya fayyace ajiya ce ko rance.

Tela da marini da maƙeri hukuncinsu ya fi tsanani. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ɗora musu lamunin abin da aka bar musu su yi aiki a kai, ko da kyauta suke aikin, sai in akwai shaidar salwantarsa. A ganina wannan adalci ne, don mai shadda ba ya kwana a shagon tela. Haka aro da jingina: abin da ke ɓoyuwa, kamar zinariya ko tufa, ana biya in babu shaida, abin da ba ya ɓoyuwa, kamar dabba, ba a biya sai an kama mutum da ƙarya ko sakaci.

Wanda ya ce ya mayar da ajiya ana gaskata shi, sai fa in gaban shaidu aka damƙa masa. In haka ne, shi ma sai ya kira shaidu ranar mayarwa, ko mai kaya ya sa masa hannu a takarda.