Yadda ORM ke aiki a bayan manhajar waya, da inda yake iya jawo asarar kuɗi

Abin da mai waya ke gani lokacin da ya danna maɓallin sayen data ko tura kuɗi, ɓangare ɗaya ne kawai na manhajar. Galibi ana gina manhaja hawa uku: fuskar da ake taɓawa, rumbun bayanai da ke ajiye sunaye da kuɗi cikin teburori, sai hawa na tsakiya, wato sashen ƙa'idojin aiki. A nan ake yanke hukunci, misali kada a bar mutum ya tura fiye da abin da ke asusunsa.

Sai dai sashen tsakiya da rumbun ba yare ɗaya suke ji ba. Ana rubuta sashen da Python ko Java ko PHP, inda asusu abu ne guda mai suna da lamba da ragowar kuɗi. Rumbu irin PostgreSQL ko MySQL kuwa layuka da ginshiƙai ya sani, kuma da SQL ake yi masa magana. ORM shi ne tafintan da ke tsakaninsu. Masu Java suna da Hibernate, wanda Gavin King ya fara a 2001. Django, da ya fito a 2005, da nasa ORM ɗin yake zuwa, Laravel kuma yana da Eloquent.

Amfaninsa a fili yake. Rubutu na raguwa, kuma yana raba abin da mutum ya shigar da ainihin umarnin SQL, abin da ke toshe ƙofar da masu kutse ke cusa nasu umarnin.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ORM ɓoye SQL yake yi, bai kawar da shi ba. Ga misali a Django:

asusu = Asusu.objects.get(id=7)
if asusu.kudi >= 4000:
    asusu.kudi -= 4000
    asusu.save()

A ido babu laifi. Amma a ce akwai naira 5,000 a asusun, intanet ta yi nauyi, mai wayar ya danna maɓallin sau biyu. Buƙatu biyu sun isa sabar kusan lokaci guda. Ta farko ta karanta 5,000. Kafin ta ajiye sabon adadi, ta biyu ma ta karanta 5,000. Kowacce ta ga kuɗi sun isa, kowacce ta rubuta 1,000. An fitar da 8,000 daga asusun da ke da 5,000, kuma babu saƙon kuskure ko ɗaya. Dalili shi ne, abin da ake kira asusu a cikin Python kwafi ne da aka ɗauko, ba layin da ke cikin rumbun ba.

Gyaran bai da yawa. A sa dukkan aikin cikin transaction.atomic(), domin cire kuɗi daga wannan asusu da zuba su a wancan su tabbata tare ko su rushe tare. Sannan a ɗauko asusun da select_for_update(), wanda ke kulle layin har a gama. Buƙata ta biyu za ta jira, ta tarar da 1,000, a ƙi ta. Masu koyo su lura: SQLite, rumbun da Django ke farawa da shi, ba ya aiki da wannan kulle, don haka a PostgreSQL ko MySQL ya kamata a yi gwajin.

Akwai kuma matsalar jinkiri. Shafin da ke nuna oda 50 tare da sunan mai kowacce zai iya aika tambaya 51 zuwa rumbu: ɗaya ta jerin, 50 na sunaye. select_related() na mayar da su tambaya ɗaya. Django Debug Toolbar na nuna adadin tambayoyin kowane shafi.

Ita kuwa ƙa'idar kuɗi, wuri ɗaya ya dace ta zauna, a cikin aiki guda kamar tura_kudi() a sashen tsakiya. Manhajar Android da shafin intanet da lambar USSD duk shi za su riƙa kira. In kowanne ya rubuta nasa save(), ranar da aka canja iyakar kuɗin da za a iya turawa a yini, sai an bi wurare uku ana gyara, kuma wanda aka manta zai ci gaba da biya da tsohuwar ƙa'ida.