Matse Bayanai da Ingancin Kayan Nazarin Hausa: Sauti, Hoto da Bidiyo

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi nau'o'in bayanan da mai nazarin Hausa ke tarawa a na'ura, da yadda matse su ke shafar ingancinsu. Ta nuna cewa abin da matsi ke zubarwa, sau da yawa shi ne abin da manazarci ya fita nema.

1.0 Gabatarwa

A yau da wuya ɗalibi ya je wurin makaɗi ko malamin zaure neman bayanai ba da waya a hannu ba. Abin da yake dawowa da shi nau'i huɗu ne: rubutu, hoto, sauti da bidiyo. Rubutu ne mafi rashin nauyi, domin a tsarin UTF-8 harafin "b" bayit ɗaya yake ci, "ɓ" kuwa biyu. Amma minti ɗaya na sauti irin na faifan CD yana cin kusan megabayit 10, bidiyo kuma ya ninka haka. Wannan nauyi ne ya tilasta matse bayanai.

2.0 Ire-iren Matsi

Matsi iri biyu ne. Akwai marar asara, irin na ZIP da PNG da FLAC, wanda in an buɗe shi komai yakan dawo yadda yake. Akwai kuma mai asara, irin na JPEG (1992) da MP3 (1993), wanda ke zubar da abin da aka ƙaddara ido ko kunne ba zai lura da shi ba. MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa yana mayar da megabayit 10 ɗin nan zuwa kusan ɗaya, sai dai abin da ya zubar ba ya dawowa.

3.0 Tasirin Matsi a Kan Nazari

3.1 Sauti

Karin sauti yakan tsira, domin yana hawa ne a kan amon murya na ƙasa, wanda a maganar yau da kullum bai cika wuce haz 300 ba. Matsalar tana ga zuzau irin /s/, wanda ƙarfinsa ke sama da haz 4,000, da kuma sautuka masu fita farat ɗaya, kamar sakin tunkuɗau /ƙ/ da /ts/ ko bugun kalangu. Matsi mai tsanani yakan dusashe bakin irin waɗannan sautuka. Mai sauraren waƙa don nishaɗi ba zai damu ba, amma mai auna furuci da manhajar Praat yana iya auna tabon matsi ya ɗauka siffar harshe ce.

3.2 Hoton Ajami

JPEG yana yanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 8 sau 8, ya rage bayanan kowanne. A hoton fuska ba a cika ganin illar ba. A takardar Ajami kuwa ma'ana tana rataye da ɗigo: a rubutun Magaribi ɗigo ɗaya a ƙasa fa ne, a sama ƙaf ne, yamala ma ɗigo ce. In tawada ta riga ta kodɗe, matsi na iya haɗe ɗigon da dattin takarda, mai juyawa zuwa boko ya karanta abin da marubuci bai rubuta ba.

3.3 Bidiyo

Tsari irin H.264 ba ya adana kowane hoto cikakke. Yakan adana bambancin da ke tsakanin wannan da na gaba. Shi ya sa hira da dattijo a zaune ke fita tsaf, amma dambe ko rawar Koroso ke farfashewa daidai lokacin da motsi ya yi zafi.

4.0 Kammalawa

Asara tana taruwa duk lokacin da aka sake matsewa, kuma manhajojin aika saƙo irin WhatsApp sukan matse hoto da bidiyo kafin su tura. Don haka ya dace manazarci ya ɗauki sauti a tsarin WAV, ya adana hoton rubutun hannu a TIFF, ya killace wannan a matsayin uwa, sannan ya fitar da matsattsen kwafi don rabawa. Ya kuma dace sassan Hausa su buƙaci ɗalibi ya bayyana tsarin da ya ɗauki bayanansa a babin hanyoyin gudanar da bincike. Makaɗin da aka ɗauka bana, ba lalle a same shi baɗi ba.