Kafin ka miƙa kwamfutarka gyaran garanti

Akwai wata magana da ke yawo a bakin masu kwamfuta, daga kewayen kasuwar Arzeke ta Paraku har zuwa shagunan Jugu, kuma ta daɗe tana jefa mutane cikin asara: wai muddin na'ura tana cikin garanti, duk abin da ke cikinta yana wuyan wanda ya sayar da ita. Da wannan zato ne ɗalibin Jami'ar Paraku yake miƙa kwamfutar da kundin kammala karatunsa ke ciki, ɗan kasuwa ya miƙa wadda lissafin bashin abokan cinikinsa ke ciki, su koma gida hankali kwance. Bayan mako uku ko huɗu na'ura ta dawo tana aiki sumul, cikinta fayau, sai a tara jama'a a ƙofar shago ana rantse-rantse. Maganar nan ba ta da tushe ko kaɗan, kuma ba sai an je nesa neman hujja ba, tana rubuce a takardar da ke cikin kwalin da aka yar ranar saye.

Duk manyan kamfanonin, HP da Dell da Lenovo da Apple, sun rubuta abu ɗaya a sharuɗɗan garantinsu da kalmomi daban-daban. Alkawarinsu ya tsaya kan kayan na'urar: idan wani sashe ya lalace saboda aibin ƙira a cikin wa'adin, wanda galibi shekara 1 ne, za su gyara ko su musanya. Game da bayanai kuwa sun wanke hannunsu tas. Sun ce mai na'ura ne zai kwafe abinsa kafin ya kawo, sun ce ana iya goge faifan ajiya a mayar da na'urar yadda ta fito daga masana'anta, sun kuma ce sashen da aka cire ya zama nasu. Wato idan faifan ne ya mutu, za a ba ka sabo, a tafi da tsohon da duk abin da ke kansa. Shi ya sa ma HP da Dell da Lenovo suke sayar da wani ƙarin tsari na daban ga bankuna da ma'aikatu, wanda ke ba su damar riƙe faifan da ya mutu. Da a ce garanti na yau da kullum ya ƙunshi hakan, ba wanda zai biya kuɗi a kansa. To idan kamfanin da ya ƙera na'urar ya ƙi ɗaukar wannan nauyi, ina ga mai shago a Paraku da ya sari kwamfutocin gwanjo daga Kwatano ko Legas, ya ce maka da baki ya ba ka wata uku?

Abin da ke kashe na'urorin a nan sananne ne: ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi, ƙurar hunturu da ke toshe fanka, zafin bazara, da jijjigar babur ɗin haya na zemijan ga faifai mai juyawa. Yawancin waɗannan ma garanti bai rufe su ba.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai faɗa, ai a fiƙihun Malikiyya da muka taso a kai mai sana'a yana lamuncewa abin da aka ba shi ya tafi da shi, ko tela ne ko maƙeri, sai in ya kawo shaida cewa abin ya halaka ba da sakacinsa ba. Haka ne, kuma ban ce mai gyaran da ya goge faifai ba tare da ya tambaya ba ya kuɓuta daga laifi. Yawancin yaran shago ba su san wani magani ba sai fomatin. Na'ura ta yi nauyi, fomatin. Ta ƙi tashi, fomatin. Wannan lalaci ne, domin gano ainihin cutar yana cin awa biyu, gogewa kuwa ba ta buƙatar tunani. Amma a duba abin da hukunci zai iya yi da abin da ba zai iya ba. Malam ko alƙali zai iya sa a biya ka kuɗin faifai, domin faifai yana da farashi a kasuwa. Nawa ne kuɗin babi huɗu na kundin digiri? Da me za ka tabbatar cewa lissafin bashin sefa miliyan 3 yana ciki ranar da ka kawo, tun da shaidar da kake da ita ita ce aka goge? Ko da ka ci shari'ar, takardar hukunci ba ta dawo da fayil ko guda. Mai haƙƙi ne kai, amma haƙƙin da ba a iya aunawa ba a iya biyansa.

Ƙanwar waccan jita-jita ta garanti ita ce wai babu abin da ke ɓacewa a kwamfuta, gwani yana iya dawo da komai. Wannan ta samo asali ne daga zamanin faifai mai juyawa, inda gogewa ba ta wuce share sunan fayil daga jerin sunaye ba, ainihin bayanan suna nan har sai an rubuta wani abu a kansu. Kwamfutocin yanzu galibi suna da faifan SSD, shi kuwa da zarar an goge abu, na'urar tana ba shi umarnin share gurbin don ya shirya karɓar sabo, kuma cikin ɗan lokaci abin ya tafi har abada. A wasu na'urorin, kamar MacBook na shekarun nan, ma'ajiyar a manne take da babban allon ciki, ba a cire ta. Idan aka musanya allon a ƙarƙashin garanti, bayanan sun bi shi.

Sai kuma tarkon da ya fi kama mutane a yanzu, wanda ko masu gyaran da yawa ba su farga da shi ba. Windows tana da tsarin kulle faifai da ake kira BitLocker, kuma tun daga fitowar Windows 11 ta ƙarshen 2024 yana kunna kansa a kan na'urori da yawa da zarar an shiga da asusun Microsoft wajen saitin farko. Kullen yana ɗaure ne da wani ɗan guntu a jikin babban allo. Ranar da aka canja allon, ko aka ɗauki faifan zuwa wata na'ura, sai fuskar kwamfuta ta yi shuɗi ta nemi mabuɗi mai lamba 48. Bayananka suna nan daram, ba wanda ya goge, amma ba mai iya karanta su, kuma Microsoft da kanta ta ce ba za ta iya ƙirƙiro mabuɗin da ya ɓace ba. Ina mabuɗin yake? Yana cikin asusun da aka fara saita na'urar da shi. A nan ne al'adarmu ta "yaro, saita mini ita gaba ɗaya" take cin mu, domin yaron shago da imel ɗinsa ya saita, ko da wani da ya buɗe a gurguje ya manta kalmar sirrinsa, kuma mai yiwuwa ya bar shagon tun bara. Duk mai kwamfuta ya duba yau, tun tana da lafiya, da asusun wa take aiki. Ya nemo lambobin nan 48, ya rubuta su a takarda ya adana inda yake adana takardun fili.

Saboda haka gargaɗina ɗaya ne, kuma zan nanata shi har ya gundure ku: kada na'ura ta bar hannunka sai ka kwafe abin da ke cikinta, ka kuma buɗe kwafin a wata kwamfuta ka gani da idonka cewa yana buɗuwa. Kwafin da ba a gwada ba ba a kirga shi. Mutane da yawa suna jan alamar fayil daga fuskar kwamfuta zuwa filasha suna zaton sun kwafe, ashe ɗan hoton da ke nuna hanyar fayil ɗin suka ɗauka. Wasu kuma suna ajiye kwafin a wani ɓangare na faifan nan dai, wanda zai tafi tare da sauran. Filashar bakin titi da aka rubuta mata girman da ba ta da shi ita ma tana karɓar fayil ta lalata shi shiru. A sami faifan waje na kirki, a ƙara da ma'ajiyar intanet ga muhimman takardu. Mai cewa kuɗin data a layin MTN ko Moov ko Celtiis ya yi yawa, ya tuna cewa asusun Google yana ba da gigabait 15 kyauta, kuma kundin digiri da lissafin shago na shekara goma ba su kai nauyin bidiyon biki guda ba. Bidiyon ya zauna a faifan waje, takardun su hau intanet. Kada a karɓi "ba za mu taɓa komai ba" daga bakin mai shago, ko da amininka ne, domin sau da yawa ba shi zai yi gyaran ba. Na'urar da aka karɓa a Jugu tana iya zuwa Paraku, daga nan ta yi tafiyar sama da kilomita 400 zuwa Kwatano, ta faɗa hannun wanda bai san ka ba, bai kuma ji alkawarin da aka yi maka ba.

Wani zai ce ai na'urar ta riga ta mutu, ta ina zai kwafe? Mutuwar kwamfuta daban, mutuwar faifai daban. Idan faifan na ciruwa ne, a sa mai shagon da kansa ya cire shi a gabanka, don kada gobe ya ce ka ɓalle tambarinsa garanti ya faɗi, a sa shi a akwatin waje a kwafe, ko ma ka riƙe shi a tura na'urar babu shi in sun yarda a rubuce. Idan kuwa faifan ne ke ƙara yana ƙyas-ƙyas, a kashe na'urar nan take, a daina gwada kunna ta, kuma a yi watsi da shawarar sa shi a firji. A wannan hali sai ka zaɓa tsakanin garanti da bayanai, domin garanti zai karɓe faifan. Ceto ake fara nema, musanya ta biyo baya. Idan kuma an riga an yi fomatin, kada a ɗora komai a kai, har da manhajar ceton kanta. A haɗa faifan da wata kwamfuta a gwada irin su PhotoRec, wadda kyauta ce, da sanin cewa a kan SSD fatan kaɗan ne.

Rigimar kuwa kusan kullum rashin takarda ne ke haifar da ita. Fataken da suka riƙa yada zango a Jugu kan hanyar Gwanja ba su ajiye kaya wurin mai masauki ba tare da an ƙirga a gaban shaidu ba, amma jikokinsu suna miƙa na'urar sefa dubu 300 su tafi ko guntun rasit babu, wai kunya. Tun ranar saye a nemi rasit na hukuma mai lambar haraji, wanda dokar Benin ta wajabta wa 'yan kasuwa bayarwa, a sa a rubuta lambar jikin na'urar da wa'adin garanti da abin da ya rufe. Ranar kai gyara a rubuta takardar karɓa kofi biyu: kwanan wata, lambar na'ura, girman faifai da lambarsa, girman RAM, halin batir da fuska, cutar da aka kawo ta dominta, ranar dawowa, da jimla guda cewa ba za a goge ko musanya faifai ba sai da izinin mai ita a rubuce. A ɗauki hoton komai da waya. Wannan takarda tana kare mai shago na gari kamar yadda take kare ka, domin zargin "sun sace mini kayan ciki sun sa tsofaffi" ma yakan faɗa kan marasa laifi, kuma lamba ce kaɗai ke raba gardamar. Mai shagon da ya ƙi sa hannu, ɗauki na'urarka ka fita.

Idan duk da haka an saɓa, a bar hayaniyar ƙofar shago. A rubuta wasiƙar neman haƙƙi da wa'adi, a sa su sa hannu sun karɓa. Manyan kasuwa da limamai suna sasanta irin wannan cikin kwana biyu idan akwai takarda a hannu. In ya faskara, akwai ofishin kasuwanci na jiha, akwai dokar kare mai saye ta 2007, akwai kotu a Paraku da Jugu, kodayake mai hankali zai auna kuɗin shari'a da kuɗin na'urar tukuna.

Leƙen asiri kuwa babi ne na daban, kuma ya fi asarar fayil muni. A wani nazari da aka fitar a 2022, masu bincike a Jami'ar Guelph ta Kanada sun kai kwamfutoci gyara bayan sun ɓoye musu manhajar da ke rubuta duk abin da aka taɓa, suka tarar a wurare shida masu gyara sun buɗe fayilolin da ba ruwansu da su, a biyu har an kwafa. Don haka bayan an kwafe, a fita daga WhatsApp da Facebook da imel da asusun banki, a cire hotunan iyali, a buɗe wa mai gyara asusun baƙo in gyaran yana buƙatar shiga. Canjin fuska ko madannai ko batir ba ya buƙatar kalmar sirrinka. Wanda aka yaɗa hotunansa ko aka yi masa barazana da su, kada ya biya ko sisi, kada kuma ya goge saƙonnin. Dokar harkokin dijital ta Benin, mai lamba 2017-20 ta 20 ga Afrilun 2018, ta tanadi kare bayanan mutum da hukunta laifukan intanet, kuma ana kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar kare bayanai ta APDP, tare da takardar karɓar nan da ke nuna a hannun wa na'urar take a ranakun da abin ya faru.