Yadda Ake Koya Wa Babba Karatu

'Yan'uwana ɗalibai, a hutun bana na buɗe ajin dare a Jimeta, kusa da kasuwa. Na fara musu da a, ba, ca, yadda aka koya mini a makarantar mishan. Kafin mako ya ƙare rabin ajin sun gudu. Sai wani dattijo kafinta ya ce mini, "Malam, ni fa ba yaro ba ne. Awon katako nake so in rubuta, in kuma karanta saƙon banki a wayata, kada a cuce ni."

To, daga nan na gane abu biyu. Na ɗaya, babba daga bukatarsa ake fara masa, wato sunansa, da lissafin cinikinsa, da katin asibiti. Na biyu, wanda ya koya bai sami abin karantawa ba, mantawa zai yi. Don haka ne a zamanin Yaƙi da Jahilci hukumar NORLA ta Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, har aka rufe ta a 1959. Ta Adamawa ita ce Ardo.

In kun fita aiki, ku tambayi babba bukatarsa tukuna, sa'an nan ku ɗauki alli.