Littafin Baftisma da Wayar Sakatare: Riƙon Amanar Bayanan Ikilisiya a Birnin Kebbi da Argungu

Da yawa daga cikin Katolikan Birnin Kebbi da Argungu aiki ne ko karatu ko kasuwa ya kawo su. Akwai sojan da aka turo barikin Dukku, da ɗan sandan da aka yi wa canjin wurin aiki, da ɗalibin Kwalejin Waziri Umaru ko na Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie, da ɗan bautar ƙasa da ya fito daga sansanin Dakingari. Akwai mai shagon kayan gyaran mota, da ma'aikacin gwamnati ɗan ƙasar Zuru ko Yawuri da ya tare a babban birni bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. Bana suna nan, baɗi an ɗauke su zuwa Jos ko Enugu. Abin da ke zama a baya shi ne sunayensu cikin littattafan ofishin Fada, kuma wata rana dole su waiwayi littattafan nan.

Jihar Kebbi a tsarin Cocin Katolika kashi biyu ce. Birnin Kebbi da Argungu suna ƙarƙashin Dayosis ta Sakkwato, wadda limaman Dominikan daga Amurka suka fara riƙewa a 1953, ta zama cikakkiyar dayosis a 1964, kuma Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagorantarta tun 2011. Zuru da Yawuri kuwa suna ƙarƙashin Kontagora. Saboda haka yarinyar da aka yi wa baftisma a Zuru, ta girma ta zo za ta yi aure a Birnin Kebbi, takardarta sai ta tsallaka daga hannun wani Bishop zuwa na wani, ko da yake ita ba ta fita jiharsu ba.

Ajiye irin waɗannan littattafai tsohon umarni ne. Babban taron Tirent ya wajabta rubuta aure da baftisma a 1563, aka ƙara da littafin mamata a 1614. Dokar Coci da ake aiki da ita yanzu, wadda Fafaroma John Paul na Biyu ya fitar a 1983, ta tara zancen a sashe na 535. Kowace ikilisiya ta kasance da littafin baftisma da na aure da na mutuwa, da hatiminta, da ɗakin ajiya. Bishop ko wakilinsa ya duba su idan ya zo rangadi. Sashen ya kuma ɗora wa Fada alhakin kada su faɗa hannun bare.

Littafin baftisma shi ne uwa. A layi ɗaya ake sa sunan jariri, da ranar haihuwa da garin haihuwa, da sunayen iyaye, da na uban baftisma da uwar baftisma, da sunan wanda ya yi baftismar. A gefen dama sai a bar fili, wanda za a yi shekaru ana cikawa. Ran da mutum ya yi aure, ko a Legas ne, ikilisiyar da aka ɗaura auren takan aiko da sanarwa a rubuta a wannan fili. Haka idan ya zama Fada, ko ta zama Sista. Da haka ne ake gane wanda ya ɓoye aure a wani gari ya zo neman na biyu.

A ɗauka wata mata ta shigo ofishin ikilisiya a Argungu ranar Litinin da hantsi. Ta durƙusa ta gai da katikis, ta ce, "Baba Katikis, ɗanku ne zai yi aure a Kaduna, an ce sai ya kawo sabuwar takardar baftisma. Katin nasa ya ɓata tun da muka tashi daga tsohon gida." Katikis ya tambayi shekarar, ta ce ba ta riƙe ba, amma damina ce, shekarar da aka yi babbar ambaliya. Ya jawo littafi mai baƙin bango, ya hure ƙurar, ya shiga bin layi da yatsa. An rubuta sunan yaron Bitrus, shi kuwa a makaranta Peter ake ce masa, sunan mahaifin ma an sauya masa harafi biyu. Idan akwai jerin sunaye na baƙaƙe a bayan littafin, aikin minti biyar ne. Idan babu, sai a wuni. Idan kuwa gara ta ci wannan shafi, to sai a shiga neman shaidu masu rai da suka halarci baftismar shekara talatin da suka wuce, aure kuma ya tsaya jira.

Abokan gabar takarda a kwarin Rima sanannu ne. Gara tana hawa bango cikin dare. Zafin bazara yana busar da takarda har ta karye kamar ganye, damina ta kawo laima da yoyon rufi, hunturu ya cusa ƙura ko'ina. Ga kuma kogin kansa. Mutanen Argungu ba su manta da ambaliyar 2010 ba, haka ta 2020 da ta shanye gonakin shinkafa a faɗin jihar. Maganin farko ba ya cin kuɗi mai yawa: kabad ɗin ƙarfe mai makulli, a ɗora shi kan bulo, a janye shi daga jikin bango. A yi rubutu da tawada baƙa mai ɗorewa. Kada a goge kuskure da farin ruwan gogewa, a ja masa layi ɗaya, a rubuta gyara a gefe, Fada ya sa hannu da kwanan wata.

Magani na biyu shi ne kwafi. Manomin fadama mai hankali ba ya tara irin shinkafarsa duka a bukkar bakin kogi, yakan kai wani tudu. A 1922, lokacin yaƙin basasar ƙasar Ayalan, gobara ta cinye babban ɗakin ajiyar takardun gwamnati a Dublin, aka yi asarar ɗimbin littattafan cocin Angilikan da aka tara a can. Na Katolika sun tsira domin suna warwatse a ikilisiyoyi. Daga baya ɗakin karatu na ƙasar ya ɗauki hotunansu shafi-shafi, har ya sa tsofaffin a intanet a 2015. Ikilisiyar Birnin Kebbi ko Argungu ba ta bukatar wata babbar na'ura. A ɗauki hoton kowane shafi da rana a wuri mai haske, a zuba a ma'ajiyar kwamfuta guda biyu masu kalmar sirri, ɗaya ta zauna a gidan Fada, ɗaya a kai ofishin dayosis a Sakkwato. Duk ƙarshen shekara a ƙara sababbin shafuka. Kwamfuta mataimakiya ce kawai, littafin da aka rubuta da hannu shi ne asali, kada a daina cika shi don an sami allo.

Amma a ganin mai wannan rubutu, haɗarin da ya fi girma a yau ba ya cikin kabad, yana cikin aljihu. Gara takan ɗauki lokaci kafin ta gama da littafi. Waya kuwa cikin ƙiftawar ido ta watsa shi ga mutum ɗari biyu.

A dubi abin da ofishin ikilisiya ke tarawa ban da sunaye. Akwai lambar wayar kowane magidanci da unguwarsa, da jerin masu ba da zakka da baiko, da wanda ya yi alkawarin kuɗi mai tsoka a bikin godiyar kaka. Akwai takardun binciken aure, wani lokaci har da sakamakon gwajin jini. Akwai sunayen gwauraye da marayun da ake taimaka wa, da na yaran ajin koyon addini da makarantun da suke zuwa. Sai sakatare mai kyakkyawar niyya ya ɗauki hoton jerin masu alkawari ya tura zauren WhatsApp don ya zaburar da sauran. A yankin da masu satar mutane ke neman sanin wa ke da abin hannu, wannan jeri taswira ce. Mutanen masarautar Argungu sun ga harin da aka kai Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamba 2024, ba sai an yi musu dogon bayani kan halin tsaro ba. Haka nan takardar da aka kai shagon buga takardu a kasuwa takan zauna a kwamfutar mai shagon bayan an biya an tafi. Wayar da aka kai gyara ma haka, balle wadda aka sayar ba a goge ba.

Tarihi ya nuna iyakar da ɓarnar ke kaiwa. A Jamus ta zamanin Hitila, daga 1933, an tilasta wa mutane kawo shaidar asali, kuma littattafan baftisma na coci-coci aka riƙa tonawa don gano wanda kakanninsa Yahudawa ne. Waɗanda suka rubuta sunayen tun farko ba su nufi kowa da sharri ba.

Yanzu hukuma ma ta sa baki. A Yuni 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, aka kafa hukumar da ke lura da ita. Dokar ta sa addinin mutum da lafiyarsa cikin bayanai masu tsananin sirri. Ta yarda ƙungiyar addini ta riƙe bayanan mabiyanta don ayyukanta na halal, da sharaɗin kada ta fitar da su waje sai da yardar mai su. Bayanan yara sai da izinin iyaye ko mai riƙo. Idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta cutar da masu su, ana son a sanar da hukumar cikin sa'a 72, kuma tarar ƙananan ƙungiyoyi tana iya kaiwa naira miliyan 2. Dokar Coci ta riga ta faɗi makamancin haka a sashe na 220, wanda ya hana ɓata sunan mutum ko keta sirrinsa. Abin da aka furta wa Fada a wurin tuba kuwa ba ya shiga littafi ko waya ko kaɗan.

Abin da wannan ke nufi a aikace ba shi da wuyar ganewa. Takardar baftisma mai ita ake ba, ko iyayen yaro, ko wata ikilisiya da ta nema a hukumance. Ɗan siyasa da ya zo da fara'a yana neman lambobin wayar jama'a a gab da zaɓe, a ba shi kujera da ruwan sanyi, a hana shi lambobin. Haka mai tallar inshora, haka surukin da ke son a leƙa masa shekarun amarya. Sanarwar WhatsApp ta tsaya kan lokacin sujada da taro. Kuma kada a tambayi abin da ba a bukata: fom ɗin shiga ƙungiyar mawaƙa ba ruwansa da lambar NIN.

Sai dai littafin da aka kulle aka manta da shi bai biya kuɗin tawadarsa ba. Idan majalisar ikilisiya ta zauna sau ɗaya a shekara ta ƙirga, ba tare da ambaton sunan kowa ba, za ta ga abubuwa. Jarirai nawa aka yi wa baftisma shekara bakwai da suka wuce, nawa ne yanzu a ajin koyon addini, ina sauran? Wace ƙaramar majami'ar ƙauye ce ke ƙaruwa har ta isa a ba ta katikis nata? Da wane harshe yawancin sababbin zuwa ke ji, Hausa ko Turanci? Shugabannin Zumuntar Mata sun san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Idan ilimin nan yana rubuce wuri ɗaya a hannun mutum biyu amintattu, ran da ruwa ya ci gari aka kawo buhunan agaji ba za a raba wa masu ƙarfin murya kaɗai ba.

Ranar tashin hankali ce ke nuna darajar lissafi. A 21 ga Nuwamba 2025 'yan bindiga suka shiga makarantar Katolika ta St. Mary da ke Papiri a ƙaramar hukumar Agwara ta Jihar Neja, cikin Dayosis ta Kontagora, suka kwashi yara da malamai. An fara cewa ɗalibai 215, bayan an sake bin sunaye aka ce 303, adadin ya ci gaba da sauyawa domin wasu yaran sun tsere cikin daji sun nufi gida. A irin wannan dare, jerin sunayen yara da lambar iyayen kowane, wanda aka sabunta a farkon zango aka ajiye kwafinsa a wajen makarantar, shi ne abin da ake fara nema.

Wurin da bayanai suka fi salwanta shi ne ranar canji. Fada yakan yi 'yan shekaru a ɗauke shi, sakatare ya sami aiki a wani gari, ɗan bautar ƙasar da ya shigar da sunaye a kwamfuta ya gama shekararsa ya hau mota da kalmar sirri a kansa. Don haka kwamfuta da layin waya da adireshin imel su zama na ikilisiya, ba na wani mutum ba. Ranar miƙa aiki a zauna da mai tafiya da mai zuwa da shugaban majalisa, a ƙirga littattafai ɗaya bayan ɗaya, a duba hatimi da makullai da takardun fili, a sauya kalmar sirri a gaban kowa. Su ukun su sa hannu a takarda, a aika kwafinta Sakkwato.